Kasuwar Murhun Felet a Turai: Tsimi Kan Bututun Hayaƙi Na Jawo Asarar Dukiya da Rayuka

A cikin watan Agusta na shekarar 2022, farashin iskar gas a babbar kasuwar cinikinta ta Turai da ke ƙasar Holan ya haura Yuro 300 kan kowane ma'aunin megawat ɗaya na sa'a, alhali kuwa kafin shekarar 2021 ba kasafai yake wuce Yuro 30 ba. Magidanta a ƙasashen Italiya da Faransa da Jamus da Austriya, waɗanda tilas ne su ɗumama gidajensu har tsawon wata biyar ko shida a kowace shekara, sun duba takardun kuɗin gas, suka duba aljihunsu, sa'an nan dubbai daga cikinsu suka nufi kantunan da ake sayar da wani irin murhun ɗumama ɗaki da ake kira murhun felet.

Cinikin ya yi wa masana'antu da 'yan kasuwa albarka, amma ya bar baya da ƙura. Murhun da aka saya cikin gaggawa, cikin gaggawa aka girka shi, kuma inda aka fi yin tsimi ko ha'inci a aikin shi ne inda ido ba ya kaiwa, wato bututun da ke fitar da hayaƙi daga ɗaki zuwa waje.

Shi dai felet ba wani abu ba ne illa dusar katako da ɓarɓashin itacen da masana'antun yanka katako ke zubarwa. Akan busar da su, a niƙa, a matsa da inji mai ƙarfi ta cikin ƙananan ramuka, sai su fito 'yan gajerun sanduna masu kaurin milimita 6, kamar abincin kifin da ake dunƙulawa. Galibi ba a buƙatar gam, domin zafin matsar ne ke narkar da ƙaron da ke jikin itacen ya haɗe su. Ruwan da ke cikin felet mai kyau bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, saboda haka yana ci da ƙarfi ƙwarai. An ƙiyasta cewa kilo biyu na bayar da zafin da ya yi daidai da na lita ɗaya ta man ɗumama gida. Ana sayar da shi cikin buhunan leda masu nauyin kilo 15, ko kuma a kawo shi da tanka a hura cikin rumbun gida.

Murhun da ke ƙona shi ya samo asali ne daga jihar Washinton ta Amurka, inda wani injiniyan kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing, Dokta Jerry Whitfield, ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1980. Sai dai a Turai ne ya sami gindin zama, musamman a Italiya, wadda ta zama babbar kasuwarsa kuma cibiyar ƙera shi. Akwai kimanin murhu miliyan biyu a gidajen Italiya, kuma ƙasar na ƙona felet wajen tan miliyan uku a shekara, wanda kaso mafi tsoka daga cikinsa shigowa da shi ake yi daga waje.

Wannan dogaro da kayan waje shi ya tona asirin kasuwar a 2022. Tarayyar Turai ta haramta shigo da katako da dangoginsa daga Rasha da Belarus, ƙasashen da a da ke sayar mata da felet mai yawa, a daidai lokacin da masu buƙata suka ƙaru. Buhun da ake saye kan Yuro 4 ko 5 ya ninka kuɗinsa, a wasu wuraren ma ya zarce ninki. A Faransa tan ɗaya ya tashi daga kimanin Yuro 300 zuwa fiye da Yuro 600. Ga wanda ya guje wa tsadar gas, tsugune ba ta ƙare ba. Gwamnatin Italiya ta ga tilas ta rage harajin sayen kaya da ke kan felet daga kashi 22 zuwa kashi 10 cikin ɗari a kasafin kuɗin 2023 domin rage wa jama'a raɗaɗi.

Magidancin da ya riga ya kashe kuɗi kan murhu, ga kuma makamashin ya yi tashin gwauron zabo, ba abin mamaki ba ne idan ya nemi inda zai rage kashe kuɗi. Ana samun murhu mai sauƙin farashi a manyan kantuna kan ƙasa da Yuro 1,000, amma aikin bututun da ya cika ƙa'ida, wanda zai hau har saman rufin gidan bene, yakan ci kwatankwacin kuɗin murhun, wani lokaci ma ya zarce. Bugu da ƙari, ƙwararrun masu girkawa sun yi ƙaranci a waccan kakar, sai mutum ya yi makonni yana jiran layi. Nan ne 'yan ga-ni-kashe-ni suka sami shiga, kuma nan ne wasu masu gida suka ɗauki guduma da kansu, suka huda bango, suka zura guntun bututu, suka ce aiki ya kammala.

Murhu Ne, Amma Inji Ne

Kuskuren farko shi ne ɗaukar wannan na'ura tamkar murhun itace na gargajiya. A murhun itace, zafin hayaƙin ne ke ɗaga shi sama ta cikin bututu, shi kuma ya janyo sabuwar iska zuwa ga wutar. Babu inji, babu lantarki. Murhun felet kuwa ba ya motsi sai da wutar lantarki. A bayansa akwai mazubi mai ɗaukar buhu ɗaya ko fiye. Wani murɗaɗɗen ƙarfe, irin wanda ke tura hatsi a injin niƙa, shi ke ɗebo felet kaɗan-kaɗan yana zubawa cikin wani ɗan kasko mai ramuka. Wani ƙarfen lantarki ya yi ja ya kunna wutar. Fanka ɗaya ta zuƙo iska ta cikin kaskon ta tura hayaƙin zuwa bututu, wata fankar kuma ta hura ɗumi zuwa cikin ɗaki. Wata 'yar kwamfuta ce ke lura da dukkan wannan.

Wannan tsari ne ke sa murhun ya yi amfani da kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na zafin makamashinsa, har ma fiye, kuma shi ne dai ke haifar da matsalolin da mai saye ba ya hangowa. Da yake an tatse yawancin zafin an ba ɗaki, hayaƙin da ke fita ba shi da zafi sosai, saboda haka ba shi da ƙarfin tashi da kansa kamar na itace. Kazalika, da yake fanka ce ke tura shi, a farkon bututun hayaƙin neman mafita yake yi ta ko'ina. Duk wata gaɓa da ba a toshe da robar da ke jure zafi ba, to ta nan zai tsiyayo cikin ɗaki. A murhun gargajiya ɓula a jikin bututu iska take zuƙa ciki. A murhun felet hayaƙi take fitarwa. Wanda ya sayi bututun murhun itace ya jona wa murhun felet don ya fi araha, bai san wannan bambanci ba.

Sai kuma batun ɗaukewar wuta. A Turai ba kasafai lantarki ke ɗaukewa ba, amma idan zai ɗauke, yawanci a lokacin guguwa ko zubar dusar ƙanƙara ne, wato daidai lokacin da murhu ke ci dare da rana. Da zarar wutar ta ɗauke, fanka ta tsaya, amma garwashin da ke cikin kasko bai mutu ba. Zai ci gaba da turnuƙewa na wasu mintoci. Idan bututun dogo ne kuma a tsaye yake, ɗumin da ya rage a jikinsa zai ja hayaƙin zuwa sama. Idan kuwa guntu ne da aka kwantar ta cikin bango, babu abin da zai ja shi. Iska ma idan ta bugo bangon, sai ta mayar da hayaƙin ciki, ya biyo ta kafar shigar iska ko ta mazubin felet ya cika ɗaki, mai yiwuwa mutanen gida na barci.

Saboda wannan dalili ne dokar Italiya ba ta yi sassauci ba. Ƙa'idar ƙasar mai lamba UNI 10683 ta wajabta fitar da hayaƙin irin wannan murhu ta saman rufi, ta kuma haramta fitar da shi ta jikin bango. Duk da haka, tallan da ke cewa wai akwai murhun felet “marar bututu” ya daɗe yana yawo a kasuwa, kuma ya ruɗi mutane da dama, musamman mazauna gidajen bene masu ɗakunan haya da yawa, inda kafa bututu har sama ke jawo jayayya da maƙwabta. Babu wani murhu mai ƙona itace da ba ya fitar da hayaƙi. Abin da ake nufi kawai shi ne bututunsa siriri ne, faɗinsa santimita 8 ko 10.

Faransa ta ɗan sassauta. Asalin dokarta, wadda ke nan tun 1969, ta ce bakin bututu ya zarce ƙololuwar rufi da aƙalla santimita 40, haka kuma ya zarce duk wani gini da ke cikin tazarar mita 8. An yarda a fitar da hayaƙi ta bango ne kawai a tsofaffin gine-gine, kuma sai da murhun da aka tabbatar a rufe yake ruf, ba ya shan iskar ɗaki, tare da bututu mai riɓi biyu wanda hayaƙi ke fita ta tsakiyarsa, sabuwar iska kuma ta shigo ta gefensa. A Jamus kuwa, tun daga ranar 1 ga Janairun 2022, sabon bututu sai ya fito kusa da ƙololuwar rufi ya kuma zarce ta da santimita 40, kuma ba a kunna sabon murhu sai jami'in duba bututun hayaƙi na yankin ya zo ya gani da idonsa ya sa hannu. Wannan jami'i, wanda sana'arsa ta daɗe da samun gurbi a dokar ƙasar, yana dawowa sau biyu cikin kowace shekara bakwai domin duba dukkan murahun gidan.

Inda gobara ta fi tashi shi ne wurin da bututun ya ratsa silin ko rufi. Gidajen zamani a arewacin Italiya da yankin tsaunukan Alfus suna da rufin katako mai kauri, an cusa masa kayan tare sanyi, wasunsu masu kama wuta ne. Masu bincike a Jami'ar Brescia sun shafe shekaru suna nazarin wannan gaɓa, saboda yawan gobarar rufi da ake samu a lardin. Abin da ke sa matsalar ta zama mai wuyar ganewa shi ne ba ta bayyana a ranar farko. Katakon da ke jingine da bututu mai zafi yakan bushe sannu a hankali, ya fara zama gawayi daga ciki, har ya kai matsayin da zafin da a da ba ya yi masa komai zai iya kunna shi. Gida na iya cinye sanyin shekara guda ko biyu lafiya, a na uku rufi ya kama.

Domin kauce wa haka, kowane bututun da ake sayarwa a Tarayyar Turai yana ɗauke da jerin haruffa da lambobi masu bayyana zafin da zai iya jurewa, da ko ya dace da hayaƙin da ake turawa da fanka, da ko yana jure gumi, da kuma ko ya tsallake gwajin gobarar kunkunniya, wanda ake yi da zafin digiri 1,000 har tsawon minti 30. Wanda ya tsallake yana ɗauke da harafin G, lambar da ke biye da harafin kuma ita ce tazarar da za a bari, a ma'aunin milimita, tsakanin bututun da duk wani abu mai kama wuta. Ƙalilan ne daga cikin masu gida suka san da wannan rubutu, balle su tambayi mai aiki ko ya bi shi.

Gumi ma wata matsala ce mai zaman kanta. Idan aka bi da bututu mai falle ɗaya ta bayan gida cikin sanyi, hayaƙin da dama ba shi da zafi sosai sai ya huce kafin ya kai sama, tururin da ke cikinsa ya koma ruwa. Ruwan ya haɗu da toka da kunkunniya ya zama baƙin kwaɓi mai tsami, ya ci ƙarfe, ya rage faɗin hanya, idan ya bushe kuma ya zama abin da wuta za ta ci. Shi ya sa ake buƙatar bututu mai riɓi biyu da abin tare zafi a tsakani a duk inda ya fita waje, da kuma wata gaɓa mai murfi a ƙasansa wadda ake buɗewa a kwashe toka. Waɗannan su ne kayan da mai neman araha ke fara sokewa daga lissafi.

Gubar da Ba Ta da Wari

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da masu sabon murhu suka fi kai wa dillalai akwai na wari da ɗan hayaƙin da ke tashi daga jikin ƙarfen a kwanakin farko. Wannan yawanci fenti ne ke gasuwa, kuma masu ƙera murhun kan ba da shawarar a buɗe tagogi a bar shi ya ci da ƙarfi na wasu sa'o'i har warin ya wuce. Abin tsoron ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya sa tari. Iskar kabon monoksaid ce, wadda ke samuwa a duk lokacin da wuta ba ta sami isasshiyar iska ba. Ita ce dai ke hallaka iyalai a Nijeriya idan aka kwana da janareta a cikin gida, ko aka rufe ɗaki da kaskon garwashi lokacin hunturu. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi har sau 200 ko fiye, kuma alamunta na farko, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sun yi kama da na mura, cutar da ke yawo a daidai wannan lokaci. Likitoci kan ja hankali ga abu biyu: idan mutanen gida da yawa suka kamu lokaci guda, ko kuma idan ciwon ya lafa da zarar an fita waje, to a zargi murhu.

Murhun felet da ke aiki daidai kaɗan yake fitar da wannan iska, ita ma ta bi bututu ta tafi. Haɗarin na zuwa ne idan toka ta toshe ramukan kasko, ko igiyar da ke toshe bakin ƙofar murhun ta saki, ko tsuntsu ya yi sheƙa a bakin bututu lokacin bazara. Akwai kuma wani sanadi da ba a cika kawowa a rai ba. Gidajen Turai na zamani a toshe suke sosai don kada ɗumi ya tsere. Idan uwargida ta kunna fankar zuƙe hayaƙin girki a kicin, iskar da fankar ke fitarwa sai an maye gurbinta, idan kuwa babu wata kafa, to ta bututun murhu za ta shigo, ta taho da hayaƙi. A Jamus an ɗauki lamarin da muhimmanci har akan wajabta sa wani makunni a jikin taga, wanda ke hana fankar kicin tashi sai an buɗe tagar. Mafita mafi inganci ita ce a jawo wa murhun iskarsa kai tsaye daga waje ta wani bututu dabam, ƙarin aikin da shi ma kuɗi ne.

Na'urar da ke ƙara idan ta shaƙi wannan iska ba ta wuce kuɗin 'yan buhunan felet ba. A Ingila da Wels doka ta wajabta sa ta a duk ɗakin da aka girka sabon murhu mai ƙona itace ko gawayi tun daga watan Oktoba na 2010. A ƙasashe da dama kuwa an bar wa mai gida zaɓi.

Wani abin da ke firgita sababbin masu murhu shi ne ƙarar da yakan yi wajen kunnawa. Idan wuta ta ƙi kamawa da wuri, felet ya taru a kasko yana fitar da farin hayaƙi mai kauri, sa'ad da ta kama sai hayaƙin ya tashi gaba ɗaya da ƙara, wani lokaci har ya fasa gilashin ƙofa. Littattafan da ke zuwa tare da murhun sun yi gargaɗin cewa kada a sake kunnawa bayan ya ƙi tashi sai an juye kaskon, kuma kada a mayar da wannan felet cikin mazubi, domin mai yiwuwa akwai garwashi a ciki. Dillali nagari yakan zauna da mai gida ya nuna masa duk wannan ranar da aka fara kunnawa. Wanda ya sayi murhu ta intanet aka ajiye masa a ƙofar gida, babu mai nuna masa.

Ingancin makamashin shi ma yana da hannu a ciki. Tsarin tantancewa na ENplus, wanda ya soma a Jamus a 2010 kafin ya bazu, ya kasa felet gida uku, kuma ajin farko, wato A1, ba ya barin tokar da ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari na nauyinsa. Felet mai ƙasa ko ɓawo da yawa yakan narke ya daskare a cikin kasko kamar dutse, ya toshe hanyar iska. Wanda aka yi da tsohon katakon kujeru mai fenti da gam kuwa, ban da toshewa har guba yake fitarwa. A lokacin ƙarancin 2022 irin waɗannan sun cika kasuwa, 'yan sandan kula da harkokin kuɗi na Italiya sun sha kama lodin buhuna masu ɗauke da tambarin jabu, wasu 'yan damfara kuma suka buɗe shagunan ƙarya a intanet suka karɓi kuɗin jama'a ba su kawo ko buhu ɗaya ba. Jihohin kwarin kogin Po, wato Lombardiya da Beneto da Fiyemonte da Emiliya-Romanya, sun riga sun wajabta amfani da ajin A1 a ƙananan murahu bisa yarjejeniyar da suka ƙulla a 2017, kodayake gurɓatar iska ce ta sa su yin haka.

Abin da ya fi ba masana mamaki a farkon wannan ƙarni shi ne gano cewa felet na iya kisa ko ba a kunna masa wuta ba. Maiƙon da ke cikin itacen yana haɗuwa da iska sannu a hankali, ya cinye iskar numfashin da ke wurin, ya fitar da kabon monoksaid. A watan Nuwamba na 2006, a tashar jiragen ruwa ta Helsingborg da ke Suwidin, wani ma'aikacin jirgin Saga Spray, wanda ya ɗauko felet daga yammacin Kanada, ya rasa ransa, wasu kuma suka jikkata, bayan shiga wata matakala da ke kusa da rumbun kayan. Daga baya aka sami irin wannan mutuwa a rumbunan gidaje a Jamus da Ailan a 2010, da kuma Suwizalan a 2011, inda wata mace mai juna biyu ta rasu. A 2012 hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi, inda ta ce aƙalla mutum tara ne suka mutu ta wannan hanya a Turai tun daga 2002. Mai ajiye 'yan buhuna a ɗaki mai shan iska ba ya cikin wannan haɗari sosai. Wanda ya sayi tan uku ko huɗu lokaci guda don gudun tashin farashi, ya jibge a rufaffen ɗakin ƙarƙashin ƙasa, shi ne ya kamata ya yi hattara, musamman a makonnin farko bayan kawo sabon kaya.

Takarda da Diyya

A ɓangaren kuɗi, ƙa'idojin girkawa ba su tsaya kan kare rai kawai ba. A Italiya, dokar 2008 mai lamba 37 ta tanadi cewa kamfani mai rajista ne kaɗai zai yi aikin, kuma sai ya ba mai gida takardar shaidar cewa aikin ya dace da ƙa'ida. Ba tare da ita ba, babu damar cin gajiyar tallafin gwamnati na Conto Termico, wanda kan mayar wa mai gida har kashi 65 cikin ɗari na abin da ya kashe idan ya sauya tsohon murhu da sabo mai inganci. A Faransa ma tallafin MaPrimeRénov', da aka soma a 2020, ba ya fita sai idan ma'aikaci mai shaidar ƙwarewa ne ya yi aikin. Ke nan wanda ya ba ɗan kwangilar bayan fage aiki don ya rage kuɗi, sau da yawa ya yi asarar tallafin da ya fi abin da ya rage. Araha dai ba ta ado.

Babbar asarar kuwa sai ranar da gobara ta tashi. Abin da jami'in kamfanin inshora ke fara tambaya shi ne takardar girkawa da takardar share bututu ta ƙarshe. Rashinsu na iya sa a zabtare diyya, ko a shiga doguwar shari'a, kuma idan wutar ta tsallaka gidan maƙwabci, nauyin na iya komawa kan mai murhun. Tun daga ranar 1 ga Oktoban 2023, wata dokar Faransa ta wajabta wa kowane mai irin wannan murhu ya kira ƙwararre ya duba shi, a kuma share bututun aƙalla sau ɗaya a shekara, a ba shi shaida a rubuce. Wannan ban da juye kasko da kwashe toka, aikin da mai gida ke yi da kansa kusan kullum a tsakiyar sanyi.

Kasuwar kanta ba ta daɗe a sama ba. A Faransa, inda aka sayar da murhun felet kimanin 200,000 a 2022, cinikin ya faɗi da fiye da rabi a 2023, domin tsadar makamashin ta tsorata masu saye. Farashin felet ya sauko daga baya, Italiya kuma ta mayar da harajinsa kashi 22 cikin ɗari a watan Maris na 2024. Faɗuwar cinikin ta taɓa ƙananan kamfanonin girkawa, kuma mai gidan da kamfaninsa ya rufe ya rasa wanda zai riƙe idan aibi ya bayyana a aikin.

Ga wanda aka girka wa murhu a waccan kakar ba tare da takarda ba, hanyar da ta rage ita ce ya kira ma'aikaci mai rajista ya zura 'yar kyamara cikin bututun, ya gwada ko gaɓoɓinsa na yoyo, ya auna ƙarfin jan hayaƙin, ya kuma buɗe wurin da ya ratsa rufi ya ga tazarar da aka bari. Ma'aikacin ba zai sa hannu kan aikin da ba shi ya yi ba sai ya gamsu da shi. Idan ya tarar an huda bango ne kawai, ko an yi amfani da bututun da bai dace ba, sai a cire a sake sabo tun daga ƙasa har sama, mai gida ya biya kuɗin bututu karo na biyu.